Yaren da Ya Rage wa Mai Aski

Shagon Mai Aski bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Kujera ɗaya ce, irin mai juyawar nan, amma ta daina juyawa tun kafin a haifi autarsa, sai madubi mai tsaga a kusurwa, da benci, da wata fanka da ke kaɗa kai kamar tana musun duk abin da ake faɗa. Duk da haka daga safe har yamma bencin ba ya rabuwa da mutane, har da masu sanƙo, waɗanda ba abin da suke kawowa sai kunnuwansu. Don bakinsa ake zuwa. Rediyo suke ce masa, kuma sun rage masa daraja, don rediyo akan kashe shi a huta.

Mutum ne da ya fi 'yan gari iya yaren gari. In yana magana sai ka rantse kakan kakansa ne ya haƙa rijiyar farko a unguwar. Ya zo garin yana saurayi, ya yi sharar gashi a shagon wani, ya koyi riƙe almakashi, ya yi aure, ya sa 'ya'yansa duka a makaranta. In aka tambaye shi daga ina yake, sai ya nuna bayansa da tsinin almakashi ya ce daga can, ya jawo wani labarin da zai sa mai tambayar ya manta ya yi tambaya.

Abin da ya fi suna a kai shi ne kwaikwayon mutanen dutse. Su ne mutanen farko a yankin. A kan duwatsu suke zaune tun ba a san za a yi gari ba, har hukuma ta sauko da su, ta ba masu fasa dutse wurin, ta tsugunar da su a wata unguwa can bayan gari. A garin nan in yaro ya ɓarar da miya, ɗan dutse ake ce masa. In mutum ya kasa tsallaka titi, ɗan dutse ne. Mai Aski kan ajiye injin askin, ya karkace wuya, ya yi yadda ɗan dutse ke taya takalmi a kasuwa da gurguwar magana, mutane su yi ta dariya har da riƙe ciki. Kowa ya yarda ba wanda ya kai shi iyawa, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa a ina ya koya.

Auta ce ta gado bakinsa. Da ta shiga jami'a, a shekararta ta biyu aka yi musu darasi kan mutanen asali na yankin da al'adunsu, aka ce kowa ya zaɓi al'umma ɗaya ya yi bincike a kanta. Ta zaɓi mutanen dutse, kuma ba don wani kishi ba. Ta duba ne ta ga su ne ba a yi rubutu da yawa a kansu ba, ta ce karatun zai yi mata sauƙi. Sai abin ya kama ta. Ta ga hotunan ɗakunan da suka gina da dutse zalla, ba laka ba siminti, da gonakin da suka yanka hawa-hawa a jikin tudu, da tukwanensu masu ƙaramin baki. Ta shiga jin kunyar dariyar da ta sha yi a kan bencin nan tun tana 'yar mitsitsiya.

Daga nan shagon ya shiga uku. Kullum ta taso lacca sai ta biya ta yi wa uban da mutanen benci tata laccar, da tsiwar ɗalibin da ya san abu jiya. Shi kuwa ya yi ta tsokanarta, wai an tura ta jami'a ta karanto mutanen da ba su san biro ba. Wata rana da shagon ya yi fayau, yana goge injin da tsohon burushin haƙori, ya tambaye ta ba tare da ya ɗago kai ba ko littafin nasu ya ce akwai sauransu. Ta ce malaminsu ya ce sun ƙare. Jikoki suna nan amma sun narke cikin gari, yaren kuwa ya mutu, ba mai yinsa. Ta faɗa ne kamar mai ba da amsar jarrabawa. Ya ce, "To," ya hure injin. Ta ɗan yi mamaki da bai ɗora da barkwanci ba, ta ɗauki jakarta ta wuce gida.

Da hantsi ciwon ya same shi, yana tsakiyar labari, kan wani direba an aske rabi. Injin ya faɗi ƙasa yana ta ƙara, shi ma ya bi shi. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya yi kwanaki bai san wanda ke kansa ba, sannan ya buɗe ido, ya dubi matarsa, ya buɗe baki. Magana ce ta fito, doguwa, mai hawa da sauka, amma ko kalma ɗaya ba wanda ya tsinta. Yayan Auta, babban ɗan gidan, ya ce sambatu ne na ciwo. Likita ta saurara da kyau ta ce wannan ba sambatu ba ne, yare ne. Ta ce wani lokaci ciwon kan share yaren da mutum ya koya daga baya, ya bar masa wanda ya sha a nono.

"Da wane yare aka haife shi?" in ji ta.

Yaya ya ce da na gari mana, da wanne kuma. Mama tana zaune a bakin gado tana murza gefen mayafinta. Ba ta dubi kowa ba ta ce, "Ɗan dutse ne."

Auta ta tsaya tana kallon mutumin da ke kwance, wanda ta yi watanni tana koya wa yadda mutanen dutse ke gina ɗaki.

Aka dawo da shi gida, aka sa masa katifa a ɗakin da ke kusa da tsakar gida. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, bakin ya ɗan karkace, amma halin yana nan. Rediyo bai mutu ba, tasha kawai ya canza. Ya wuni yana magana, ya yi wa Mama, ya yi wa bango, ya yi wa kyanwar maƙwabta. Wani lokaci ya kai ƙarshen zance ya tuntsire da dariya shi kaɗai, ya duba ya ga fuskoki a bushe, dariyar ta tsinke. In an yi masa yaren gari sai ya ƙura wa bakin mai maganar ido, kamar mai neman abin da ya ajiye ya manta wurin. Ruwa da abinci da bayan gida ba su ba da wahala ba, da nuni aka gane su.

Abu ɗaya ne nuni ya kasa. Akwai wata magana da yake yi wa Auta ita kaɗai. Ya kama wuyan hannunta da hannunsa mai lafiya, ya faɗe ta a hankali, ƙarshenta ya ɗaga kamar tambaya, sannan ya yi shiru yana jira. In ta gyaɗa kai sai ya ɓata rai. In ta girgiza sai ya saki hannun ya rufe ido. Gobe ya sake, maganar nan dai, ba ƙari ba ragi. Ta kawo masa almakashinsa, ta kawo makullin shago, ta kira yayarta da ke aure a wani gari ta sa masa wayar a kunne, duk ba su ba ne. Abin ya tsaya mata a rai. Ubanta, wanda bai taɓa tambayarta abu sau biyu ba, yana tambayarta abu ɗaya kullum, ita kuwa abin da ta sani game da mutanensa tukwane ne da gini. Darasin nasu babu yare a ciki, tunda an ce ya mutu.

Auta ta tsare Mama a kicin ta ce shekara da shekaru suna tare, ko kalma ɗaya ba ta riƙe ba? Mama ta ci gaba da yanka albasa. Ta ce a shekarar farko ta aurensu ya taɓa yi cikin barci, da safe ta tambaye shi, ya sa takalmi ya bar gidan, sai da ta kai ga kuka wurin maƙwabta kafin ya dawo. Da ya dawo ya ce mata shi an jefe shi da dutse a hanyar makaranta saboda bakinsa, 'ya'yansa ba za a jefe su ba, kuma hanya ɗaya ce: kada su ji, kada su sani. Ta ce ita ta ɗauka ƙauna ce, kuma har yanzu ba ta ce ba ƙauna ba ce.

Yaya kuwa ya ƙeƙashe ƙasa ya ce maganar ba za ta fita gidan ba. Yana da wurin aiki, yana da surukai, yana da yara a makaranta. In masu dubiya suka zo sai ya ƙure ƙarar talabijin, ya ce musu harshen Baba ne ya yi nauyi. Auta ta so ta tsane shi ta kasa, don abin da uban ya shuka ne ya tsiro, kuma ya tsiro da kyau. Ranar da mutanen benci suka zo, Yaya ba ya nan. Mai Aski ya gan su, fuskarsa ta washe, ya ɓarke da zance. Direban da aka bari da rabin aski ya bushe da dariya ya ce ka ji Rediyo, ko a kwance bai bar kwaikwayo ba. Suka yi dariya tare. Mai Aski kuwa ya ci gaba, ya ci gaba, ba karkata wuya, ba gurguwar magana, har dariyar ta mutu a bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Suka yi addu'a a gurguje suka nemi takalmansu. Bayan wannan, kaɗan ne suka sake zuwa.

Auta ta ɗauki tambayar nan ta ubanta a wayarta ta kai wa malaminta, ba ta faɗa masa muryar wa ce ba. Mutumin kirki ne, mai farin gashi, ofishinsa cike da littattafan da ƙura ta rufe. Ya saurara har sau uku, idonsa ya kawo ƙwalla, ya ce shi ma bai iya ba, a sashen ma ba wanda ya iya. Ya ce ta gwada unguwar da aka tsugunar da su, shi kuma zai tona ɗakin ajiya ko Allah zai sa a dace.

Unguwar tana ƙarshen layin mota, bayan inda kwalta ta ƙare. Gidaje ne iri ɗaya a jere, rufin kwano duk ya yi tsatsa, kuma daga nan kana hango dutsen da aka cinye wa gefe. Ta tambayi wani mai cajin waya ko akwai tsohon da ke jin yaren dutse. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce ita ce dai ta yi kama da 'yar dutse. Wata mai sayar da gawayi ta ce akwai wata tsohuwa da, amma ta rasu da daminar bara. Sai da rana ta karkata sannan wata mata ta ja ta gefe, ta nuna mata wani gida mai koren ƙofa, ta ce kada ta ce ita ta nuna.

Mai gidan tsoho ne tukuf, yana zaune a ƙofar gidan kan kujerar roba, kusa da shi surukinsa da wasu samari suna duba injin babur. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya ce an yi mata kuskuren kwatance, shi a gari aka haife shi. Ba ta yi musu ba, ta dai danna wayar. Muryar ubanta ta fito. Ta ga hannun tsohon ya tsaya cak a kan gwiwarsa, ta ga leɓensa yana motsi yana bin maganar. Ya ji. Ko makaho ya san ya ji. Samarin suka bar babur suka juyo suna kallonsa, ɗaya har ya fara murmushi.

"Kaka, don Allah, me yake cewa?"

Tsohon ya dubi samarin, ya dubi surukinsa, ya dubi ƙasa.

"Ban san wannan yaren ba, 'yata. Allah ya ba shi lafiya."

Ya miƙe da ƙyar ya shige gida. Ta koma bayan kwana biyu da sassafe, ko za ta same shi shi kaɗai, aka ce ba ya jin daɗi. Ta sake komawa, surukin ya fito ya ce ta daina zuwa tana ɗaga wa tsoho hankali, su mutanen gari ne kamar kowa. A motar dawowa ta yi kuka, ba na tausayi ba, na baƙin ciki. Mutum biyu ne suka rage a duniya, iyakar saninta, da za su iya gaisawa da wannan yare, tsakaninsu tafiyar mota ɗaya, kuma tsoron da ya rufe bakin ɗaya shekara da shekaru shi ne ya rufe na ɗayan.

Malamin ya cika alkawari. Ya samo wani tsohon kaset da wasu masu bincike suka ɗauka tun kafin a haife ta, aka juye mata shi a waya. Ya yi mata bayanin yadda ake aikin a wancan zamani. Kaset yana da wuyar samu, don haka ba a ɓata shi a kan hira. Mai bincike zai faɗi kalma da yaren gari, mai yaren ya faɗi tasa, a ɗan dakata, a wuce ta gaba. In tsohon ya fara surutu sai a danne na'urar har ya gama. Auta ta sa a kunne ta ji. Muryar wani dattijo ce mai kauri: kai, ido, hannu, ƙafa, ruwa, wuta. Nan da can sai ka ji ya ja numfashi zai ce wani abu, sai ƙarar maɓalli, sai kalma ta gaba. Babu gaisuwa a ciki, babu tambaya, babu jimla ko ɗaya.

Ta haddace su duk da haka, kamar mai shirin jarrabawa. Ta neme su a cikin maganar ubanta ba ta tsinci ko ɗaya ba. Ranar da ta miƙa masa kofi ta faɗi kalmar ruwa da yarensa, ya zabura har ruwan ya zube masa a ƙirji. Ya riƙe ta, ya kwararo mata zance kamar an ɓalle famfo, yana dariya yana hawaye, sannan ya yi tambayar nan tasa ya jira. Ta tsaya da kofi a hannu. Ruwa kawai ta sani.

Sai ta yi tunanin da har yau take da-na-sanin yinsa. Ta ce tunda ita ba ta isa ba, bari ya ji muryar ɗan'uwansa, ko ya samu sanyi a ransa. Ta yanke muryar mai binciken, ta bar ta dattijon kaɗai. Da la'asar, Mama tana wanki a tsakar gida, Auta ta jingina shi da filo, ta ajiye wayar a kan kujera kusa da katifar, ta kunna.

Da jin kalmar farko ya ɗago. Ya waiga ƙofa, ya waiga taga. Ya sa hannun hagu ya gyara wuyan rigarsa, ya shafa gemunsa, kamar wanda babban baƙo ya shigo masa. Sannan ya yi gaisuwa, doguwa, da wata ladabtacciyar murya da Auta ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Wayar ta ce ido. Ya ɗan yi dariya, ya amsa, ya ƙara da wani abu. Wayar ta ce hannu. Ya matso da kansa kusa da kujerar, ya yi tambayar nan, a hankali, kalma bayan kalma, ya yi shiru yana jira. Wannan karon ba ita yake tambaya ba, ya samu wanda zai ji. Wayar ta ce ƙafa.

Ya sake tambaya, da ɗan ƙarfi. Wayar ta ce ruwa, ta ce wuta, ta ce dutse. Auta ta ga lokacin da ya gane. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Fuskarsa ce kawai ta sauka, ya dubi wayar, ya dube ta, ya zame daga jikin filon ya kwanta. Ta kashe da sauri, tana ba shi haƙuri da yaren da ba ya ji.

Tun daga ranar bai sake magana ba. Likita ta duba ta ce ba sabon ciwo ba ne, harshen lafiyarsa lau. Yana cin abin da aka ba shi, yana nuna kofi in yana jin ƙishi. Yaya ya daina ƙure talabijin in an yi baƙi, ya ce ai Baba ya samu natsuwa. Malamin, da ya ji cewa mai yaren yana raye a gidansu, ya ba Auta aron rikoda mai kyau ta sashen, ya ce ta ɗauki duk abin da ya fito daga bakinsa, ko tari ne, don babu irinsa a ko'ina. Ta ajiye ta a gefen katifa. Abin da take ɗauka shi ne ƙarar cokali a kwano da muryar Mama tana kiran mai ruwa.

Auta ta rubuta bincikenta a kan gini da tukwane, aka ba ta maki mai kyau. In ta dawo daga makaranta takan zauna kusa da shi, ta sa wuyan hannunta cikin tafinsa ko zai kama ya tambaya. Ba ya kamawa. Wata yamma shirun ya ishe ta, ta ce bari ita ta fara, ko zai biyo ta. Ta tattaro duk abin da ta mallaka na yarensa ta shiga faɗa masa, kai, ido, hannu, ƙafa, tana ɗan dakatawa bayan kowace kalma don ta ba shi wuri. Sai da ta kai ruwa ta ji kanta, ta gane da muryar wa take kama, ta dattijon kaset ɗin nan. Ya bubbuga bayan hannunta a hankali, kamar yadda ake yi wa ɗan maƙwabta da ya yi ƙoƙari, ya juya fuskarsa bango.